Ina Ungulayen Kano Suka Tafi?

Ku tambayi dattawanmu na nan Mandawari: a da duk inda aka yi yanka, ungulu na bisa katanga tana jira. Yau ko a kwatar Ƙofar Mazugal da ƙyar ka ga ɗaya.

Muna ƙyamarta, alhali ita ce mai share gari. Allah Ya sanya wa ruwan cikinta tsami mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Kun ga nan ilimin muhalli ya haɗu da na jikin dabba da na cututtuka.

Indiya ta ɗanɗana kuɗarta. A shekarun 1990, maganin diclofenac da ake yi wa shanu ya lalata ƙodar ungulayen da suka ci mushensu, sama da kashi 90 cikin ɗari suka mutu. Mushe ya koma hannun karnuka, suka hayayyafa, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin.

Tamu kuwa, abin kunya, harbinta ake yi ana sayar wa bokaye kanta. Tun 2015 tana jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.