Jawabi Kan Kwale-kwalen Dufuna



Jawabin yau a kan kayan tarihi ne da ake samu a ƙasa wajen haƙar rijiya ko tushen gini.

A shekarar 1987, wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, ƙauyen da yanzu yake cikin Jihar Yobe. Da ya yi zurfin kamar mita 5, sai ya ci karo da wani katako mai tauri. Bai fasa shi ba, bai ƙone shi ba. Labari ya kai ga hukuma.

Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta ƙasar Jamus suka zo. A shekarar 1994 aka tone wurin a hankali. Ashe kwale-kwale ne da aka sassaƙa daga itace guda, tsawonsa ya ɗara mita 8. Da aka auna katakon, sai aka gano ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka samu a duk Afirka. Ya nuna cewa a wancan zamani yankin yana da ruwa da yawa, kuma mutanensa gwanayen sassaƙa ne.

Da makiyayin nan ya faskare shi ya yi makamashi, da wannan tarihi ya ɓace har abada.

To, idan mutum yana haƙa ya ga tukwane, ko ƙasusuwa, ko tsofaffin ƙarafa, ko mutum-mutumin yumɓu, me zai yi?

Na farko, ya dakatar da aikin. Na biyu, kada ya ɗauke kayan daga inda suke, domin ƙasar da ta rufe su tana taimaka wa masana wajen gane shekarunsu. Na uku, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, su kuma su kai maganar ga ƙaramar hukuma da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

A yi hattara da dillalai masu zuwa ƙauye da kuɗi. Dokar 1979 ta hana sayar musu da irin waɗannan kaya. Kuɗin zai ƙare a kasuwa ɗaya, amma tarihin garinku ya tafi ke nan.

Allah ya sa mu gane, amin.