Jawabin Malamin Gona: Me Ya Sa Ake Kiwon Karfasa Maza Zalla?

Yau maganarmu a kan karfasa ce, wadda waɗansu ke kira gargaza. Manoma da yawa suna kuka: sun ciyar da kifi wata 6, ran kwashewa sai tarin ƙanana, ba mai saye. To, ga dalili.

Karfasa tana da saurin haihuwa. Macen takan riƙe ƙwai a bakinta wajen mako 2, ba ta cin abincin kirki, saboda haka ba ta girma kamar namiji. 'Ya'yan kuma su cika tafki, su cinye abincin manyan. Maganin abin shi ne a zuba maza zalla.

Sa'ad da aka ƙyanƙyashe ɗan kifi, jikinsa bai gama zama na namiji ko na mace ba. Akwai wani sinadari a jikinsa, masana suna kiransa aromatas. Aikinsa shi ne juya sinadarin namiji ya koma na mace. In ya yi ƙarfi a makonnin farko, sai kifin ya zama mace. In ya yi rauni, sai ya zama namiji. Zafin ruwa ma yana rage masa ƙarfi, domin in aka riƙe 'ya'yan a ruwa mai zafin digiri 36 kwana 10 a wannan lokaci, maza sukan yi yawa.

Don haka gidajen ƙyanƙyasa suke gauraya sinadarin namiji, miligiram 60 a kilo 1 na abinci, su ba 'ya'yan kwana 21 zuwa 28 tun ran da suka fara ci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In wata ɗaya ya wuce, maganin ba ya aiki.

Ga abin da za ku yi:

1. Ku sayi iri daga gidan ƙyanƙyasa amintacce, ku tambaya ko maza zalla ne.
2. Kada ku haɗa maganin nan a gida. Yana da haɗari ga mai taɓa shi, kuma ba a ba manyan kifi.
3. In irinku gauraye ne, ku ware su da hannu in sun kai giram 30. Ku duba ƙarƙashin ciki: namiji kafa 2 gare shi, mace 3.
4. Ku sa tarwaɗa kaɗan, waɗanda ba su fi karfasarku girma ba, su riƙa cinye 'ya'yan da aka haifa.

Mai tambaya ya nemi malamin gona na yankinsa. Allah ya ba da sa'a, amin.