Maganin Tsatsa

Yau zancenmu a kan tsatsa ne.

Mu mutanen bakin ruwa ne. Ga Kogin Kwara, ga kuma babban tafkin da ya taru tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. Daga Shanga zuwa Yelwa har Wara ta ƙasar Ngaski, ƙarfenmu kullum cikin laima yake. In ruwa da iska suka haɗu a kan ƙarfe, sai ya yi tsatsa. Ita ce ke cin garma, da amalanke, da ƙyauren ƙarfe, da ƙarafan jirgi. Ƙarfe tsada gare shi.

To, akwai wani ruwan magani da ake sayarwa wajen masu fenti. In an shafa shi, jar tsatsa sai ta rikiɗe ta zama baƙin ɓawo mai kama jikin ƙarfe. Kada ku yi mamaki. Kun san majema na jeme fata da bagaruwa. In baduku ya shafa mata kuloko, wanda ake yi da kashin maƙera, nan da nan sai ta yi baƙi. Irin sinadarin nan na bagaruwa shi ne a cikin yawancin maganin.

Ga yadda ake aikin. Da fari a kankare tsatsar da ta yi ɓamɓaroki da burushin waya. A wanke maiƙo da ƙasa, a bari ya bushe. Sa'an nan a shafa maganin ko'ina, a aje a inuwa kwana ɗaya. In ya yi baƙi, sai a bi shi da fenti. Wanda ya ƙi sa fenti ya yi aikin banza, gama tsatsa za ta komo.

Amma ku lura. Maganin ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye. In ƙusar jirgi ta sirance, a sake sabuwa, gama rayukan mutane ke bisanta. Kada a shafa shi a tukunya ko durom na ruwan sha. A tsare ido da hannu, a kuma ɓoye shi daga yara.

Kowa ya duba kayansa tun damina ba ta faɗi ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu sa'a, amin.