Kirarin Kwali: Sabulun Wanke-wanke da Da'awar Kare Muhalli



Mai yiwuwa wani ya yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da zancen sabulu. To, kalma ce ta haɗa mu. Wanda ya shiga kanti ba shi da ikon auna abin da ke cikin kwali, sai dai ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa, shi kuwa rubutun nan kirari ne. Mun dai san halin kirari: mutum ke yi wa kansa, ko maroƙin da ya ci kuɗinsa ya yi masa, ba a kuwa neman shaida a kansa. Ku dubi kalmar "omo". Sunan hajar kamfanin Unilever ne, amma talla ta ratsa mu har ya zama sunan kowane garin sabulu a bakin Bahaushe.

Kirarin da ake yayi yanzu shi ne na kare muhalli. Turawa suna da suna ga na ƙaryar, wanda ni zan kira shafen kore, watau kamar yadda ake shafa wa tsagaggen bango farar ƙasa. Wani Ba'amurke, Jay Westerveld, shi ya ƙaga sunan a 1986, da ya lura da otal-otal masu roƙon baƙi su maimaita tawul wai don ceton muhalli, alhali kuɗin wanki suke tattali.

Kada a ɗauka babu ɓarna ta gaske a cikin lamarin. Akwai. Shekaru da dama ana zuba sinadarin fosfet a garin sabulu don ya tausasa ruwa mai gardi. Shi fosfet taki ne. In ruwan wanki ya kai shi tafki sai gansakuka ta yi ta yaɗo, in ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Haka ta faru ga Tafkin Erie, tsakanin Amurka da Kanada, a shekarun 1960, ko da yake takin gona da najasar birane su ma da hannunsu. Tarayyar Turai ta ƙayyade fosfet a sabulun wankin tufafi daga 2013, na injin wanke kwanuka kuwa daga 2017. Saboda haka kamfanin da ya buga "babu fosfet" da manyan baƙaƙe a can, alfahari yake da bin dokar da ta zame masa tilas. Mu ma zancen ya shafe mu, domin ruwan wankin gidajen birnin Kano Jakara yake gangarawa, da shi kuma masu lambu ke ban ruwa.

Kalmar da ta fi yaudara, a ganina, ita ce "daga tsirrai aka yi". Ai zaƙami ma tsiro ne, yana kuwa haukata mutum. Bugu da ƙari, sinadarin kumfa na tsirrai sau da yawa daga kwakwar manja ake samunsa, fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya kuwa daga Indunusiya da Malesiya yake fitowa, inda aka sare dazuzzuka masu yawa don dasa kwakwar. Haka nan "mai kashe ƙwayoyin cuta". A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa tiraikulosan da wasu sinadarai 18 a sabulun wanke hannu da jiki, don masu yin su sun kasa nuna sun fi sabulu da ruwa amfani.

A 2022 hukumar sa ido kan talla ta Birtaniya ta hana wata tallar sabulun Persil mai cewa ya fi tausayin duniya. Hujjarta ita ce kamfanin bai nuna haka a dukkan rayuwar hajar ba, tun daga haɗa ta har jefar da robarta. Ɗaliban nahawu ku lura, "ya fi" kwatanci ne. Ya fi me? In ba a faɗa ba, jimlar ba ta cika ba.

To, me mai saye zai duba? Ya nemi jerin sinadaran, in babu ya yi shakka. Ya bambance ganyen da kamfani ya zana wa kansa da hatimin wata hukuma ta dabam, irin Blue Angel na Jamus da aka fara a 1978, ko furen Tarayyar Turai na 1992. Lambar NAFDAC wajibi ce a nema, amma shaidar rajista ce, ba shaidar kare muhalli ba. Ma'aikatan da ke sayo wa ofisoshi da asibitoci kaya katan-katan, ku ne ke da ƙarfin neman wannan bayani a rubuce kafin ku sa hannu.

A gida kuwa, sabulun salo da toka sun isa aiki da yawa, kuma yawan kumfa ba shi ne tsabta ba. A auna garin sabulu, kada a kwarara. Abu guda ne zan yi kashedi a kansa ko da wane launi kwalbar take: kada a gauraya ruwan bilic da maganin wanke masai, domin hayaƙin da ke tashi guba ne.