TSOHUWAR LANDIROBA MAI SAKIN ƘARFI A HANYA: YADDA AKE GANO CIWONTA

Jawabin wannan wata a kan tsohuwar mota ne mai shiga daji, wato Landiroba, da wani ciwo nata mai wahalar da direbobi.

An fara ƙera Landiroba a Ingila a shekarar 1948. Samfurin da aka fi sani a karkara shi ne na uku, wanda aka yi daga 1971 zuwa 1985. Ke nan ko autarsu ta kai shekara 40. Duk da haka waɗanda suka rage suna aiki, suna ɗaukar hatsi zuwa kasuwa da mara lafiya zuwa asibiti, a hanyar da ƙaramar mota ba ta iya bi.

Ga yadda ciwon yake. Mota tana tafe lafiya lau, sai ta fara tari, ƙarfinta ya ragu, direba ya taka totur ba ta amsa ba. In ya tsaya ta huta kaɗan, sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. In ya kai ta gareji, sai ta ƙi nuna halinta. Daga nan sai a shiga canje-canjen kaya da ka. Yau fulogi, gobe kafireto, kuɗi suna ta tafiya, ciwo yana nan. Wata rana kuma sai ta tsaya cikin dare da mai naƙuda a baya.

ABU UKU DA INJI YAKE BUKATA

Injin fetur yana bukatar mai, da wuta, da iska. In ƙarfinsa yana zuwa yana tafiya, to ɗaya daga cikin ukun nan ne yake yankewa yana dawowa. Aikin direba shi ne ya gano wanne ne.

Kafin a ɗauki sifana, a fara lura. Yaushe take yi? Da ta yi zafi ne, ko a hawa da kaya, ko a gargada, ko bayan an ratsa ruwa, ko bayan an sha mai a wani wuri? Direba ya rubuta wannan duk ranar da ta yi. Sa'an nan ya lura da yadda take mutuwa. In a hankali take shaƙewa tana tari, an fi zargin mai. In farat ɗaya take ɗaukewa kamar an kashe makulli, an fi zargin wuta.

Kuma a gwada ta nan take, a inda ta tsaya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. In ta huce, ciwon ya ɓuya.

A FARA DA MAI

Gwaji na farko ba ya cin ko kwabo. Da ta fara shaƙewa, direba ya ja cok kaɗan. In ta farfaɗo, to mai ne ba ya isa.

Sai ya tsaya ya buɗe murfin tanki, yana saurare. In ya ji iska ta shiga da ƙara, to ƙofar iska ta tankin ta toshe. Mai yana fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har famfo ya kasa ja. A share ƙofar, shi ke nan.

Bayan wannan sai famfon mai da ke jikin inji. A ƙarƙashinsa akwai ɗan kofin gilashi. A duba shi da kyau. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan kofin. In an ga ruwa ko jan gari na tsatsa, to tankin yana da dauɗa. A bakin bututun da ke jan mai daga tanki akwai 'yar raga. In mota tana gudu, dauɗa takan manne wa ragar ta toshe ta. In an kashe inji, sai dauɗar ta saki ta koma ƙasa. Dalilin da ya sa hutu yake warkar da motar na ɗan lokaci ke nan. Maganinsa a sauke tanki a wanke, a wanke raga, a kuma riƙa tace mai. Wanda yake saye a jarka wurin 'yan bumburutu ya fi kowa bukatar tacewa, don ruwa da kananzir sukan shiga ta nan.

A bi tiyon mai da hannu daga tanki zuwa famfo. Tsohon tiyo yakan tsage, ya riƙa zuƙar iska ba tare da ya ɗigar da mai ba. In kuwa da tsakar rana ne kawai take yi, a bazara, wataƙila zafi ne yake mai da fetur tururi cikin bututu. A jiƙa tsumma a ɗora kan famfo. In ta tashi da wuri, an kama shi. Sai a nisanta bututun mai daga bututun hayaƙi.

A kuma zaro sandar awon baƙin mai a sansana. In yana warin fetur, ko ya ƙaru da kansa, to robar cikin famfo ta huje, sai a canza ta.

SAI WUTA

In cok bai taimaka ba, a koma kan wuta. Kwayil ne yake ƙara ƙarfin wutar batir. Distirbita kuma, wato mai raba wuta, shi yake kai ta ga fulogi huɗu.

Da ta mutu, a zare babbar wayar tsakiya daga kan distirbita. A riƙe ta da busasshen itace, a kusantar da bakinta da ƙarfen inji, tazarar kamar rabin santimita. A cire giya, wani ya murza makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara yana nuna wuta lafiya. In ja ne mara ƙarfi, ko babu sam, ciwon yana nan. Kwayil da kondansa in sun tsufa sukan yi aiki da sanyi, su gaza in sun yi zafi. A ari na wata motar mai lafiya a gwada kafin a saya.

A buɗe distirbita a duba kwantak. In bakinsa ya ƙone, a goge ko a canza. Tazararsa in ya buɗe sosai kusan milimita 0.4 ce. Akwai kuma 'yar siririyar waya a ciki, wadda takan karye a cikin rigarta, ido ba ya gani.

In a gargada take yi, waya ce ta yi sako-sako. A tayar da inji a tsaye, a riƙa girgiza ƙananan wayoyi ɗaya bayan ɗaya: na kwayil, na bayan makulli, da kan batir, da wayar da ta haɗa inji da jikin mota. Wadda aka taɓa inji ya yi tari, ita ce. In kuwa bayan ruwa take yi, a goge cikin murfin distirbita da busasshen ƙyalle, a duba ko ya tsage. Wanda ya cire wayoyin fulogi ya tuna yadda wuta take bi: 1, 3, 4, 2.

Fulogi ma yana ba da labari. Baki mai ruwan ƙasa lafiya ne. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Fari fat, mai ya yi kaɗan.

SAI ISKA

Matatar iskar wannan mota da baƙin mai take aiki, shi yake kama ƙura. Da hunturu yakan zama laka. A wanke, a zuba sabo daidai alamar da aka yi, kada a wuce. A matsa babban tiyon da ya tafi kafireto, don tsoho yakan lotsa ta ciki in an taka totur. Salansa ma in wani ƙarfe ya ɓalle a cikinsa, yakan tare hayaƙi ya kuma saki.

Wani lokaci kuma ba inji ba ne. In ta yi nauyi, a kai hannu kusa da tsakiyar kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta ne yake kamawa.

GARGAƊI

Kada a gwada tartsatsi inda fetur ya zube. Kada a sha taba, kada a haska da ashana ko fitilar kananzir. Kada a zuƙi fetur da baki, don in ya shiga huhu yana iya kisa. A tattare babbar riga nesa da fanka.

A ƙarshe, a canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, a bi hanyar da ta saba yin halin, a gani. Wanda ya canza abu biyar rana ɗaya ya biya kuɗin biyar, bai kuma san wanda ya warkar da ita ba. A fara da na banza, sa'an nan mai araha, mai tsada ya zo ƙarshe. Direba ya riƙa tafiya da kwantak, da kondansa, da guntun tiyo, da tocila.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.