Giɓin Kasafin Kuɗi Haraji Ne Da Talaka Ke Biya A Kasuwa

Wannan shi ne jawabin da Malam ya gabatar wa 'yan uwa a zaman karatun mako-mako, bayan da aka yi masa tambaya a kan sabbin dokokin haraji na ƙasar nan da gardamar da suka haifar.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira (S), Malam ya fara da cewa duk gwamnatin da ke bayan ƙasa hanya uku take da ita ta samun abin kashewa: ko ta karɓi haraji, ko ta sayar da dukiyar ƙasa kamar man fetur, ko ta ci bashi. Idan abin da ta tsara kashewa a shekara ya fi abin da zai shigo mata, wannan ratar ita ake kira giɓin kasafin kuɗi. Ya ce, "To 'yan uwa, giɓin nan ba ya cike kansa. Dole wani ya biya. Saboda haka duk lokacin da kuka ji ana cewa an rage haraji ko an yafe haraji, tambayar farko ita ce, wa aka rage wa? Ta biyu kuma, wa zai cike gurbin?"

Malam ya kawo misali da kasafin Gwamnatin Tarayya na 2025, wanda ya kai Naira tiriliyan 54.99. A ciki akwai giɓi na sama da tiriliyan 13, sannan an ware sama da tiriliyan 14 don biyan bashi da ruwansa. Ya ce abin da aka ware wa bashi kaɗai ya ninka abin da aka ware wa ilimi da lafiya idan an haɗa su. "Wato giɓin shekarun baya ne ya dawo yana cin kuɗin makarantar ɗanka da maganin matarka. Wanda bai ci bashin ba, bai san ranar da aka ci ba, shi ke biya."

Daga nan sai ya yi bayanin wata hanya da ya kira harajin ɓoye. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta yarda bankin ya ranta wa gwamnati kuɗi na ɗan lokaci, amma kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata. An yi ta ƙetare wannan iyaka har rancen ya kai Naira tiriliyan 22.7, kuma a watan Mayun 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashi mai tsawon shekara 40. Malam ya ce irin wannan rance ƙirƙirar kuɗi ne ba tare da hatsi ko tufafi sun ƙaru a kasuwa ba, shi ya sa farashi ke tashi. A kan wannan aka ɗora janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin Naira ta nemo wa kanta daraja. Litar mai da ba ta kai N200 ba ta haura N1,000 kafin ƙarshen 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar shekarar.

"Mai gidaje da filaye da Dala a ajiye," in ji Malam, "idan farashi ya tashi dukiyarsa tashi take yi. Amma lebura da malamin firamare da ɗan fansho, waɗanda abin da suka mallaka shi ne takardar Nairar da ke aljihunsu, su ake yanka. Ba a ba su rasit ba, ba su ga mai karɓar haraji ba, amma mudun da suka saba saye ya koma rabi."

Da ya juyo kan hujjar masu cewa a rage wa manyan kamfanoni da attajirai haraji, Malam ya ce adalci ne a faɗi abin da suke cewa daidai. Suna cewa idan aka sassauta wa mai jari zai faɗaɗa harkarsa, ya ɗauki ma'aikata, tattalin arziki ya bunƙasa, har abin da gwamnati za ta samu daga baya ya fi na da. Ya ce ƙasar da ta fi gwada wannan ra'ayi ita ce Amurka, don haka ya kamata a duba abin da ya faru a can. A 1981 Shugaba Ronald Reagan ya sauko da harajin masu babban samu daga kashi 70 zuwa 50 cikin ɗari, dokar 1986 kuma ta kai shi 28. Harkoki sun motsa, amma ragin bai biya kansa ba. Tun a 1982 sai da aka dawo aka ƙara wasu haraji, kuma bashin ƙasar ya tashi daga kusan Dala tiriliyan 1 zuwa kusan tiriliyan 3 kafin ya sauka a 1989.

Malam ya ce wani abin mamaki shi ne, Reagan da bakinsa ya kafa hujja da malamin tarihin nan Musulmi, Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406. Gaskiya ne a littafinsa Muƙaddima ya bayyana cewa daula a farkonta tana ɗora haraji kaɗan ta samu da yawa, a ƙarshenta kuwa tana ɗora mai yawa ta samu kaɗan. "Sai dai sun ɗauki rabin maganar sun bar rabi. Dalilin da ya kawo shi ne, idan masu mulki suka nutse cikin holewa da ƙawa, hidimarsu takan ƙaru, sai su shiga ƙirƙiro haraji a kasuwanni, har manomi da ɗan kasuwa su karaya su daina nema. Ashe ke nan cutar tana wajen almubazzarancin mahukunta, wanda ake tausaya wa kuma shi ne mai noma da mai kasa kaya."

Game da dokokin haraji guda huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 don fara aiki da manyan tanade-tanadensu, Malam ya ce akwai abin da ya dace a yaba. An yafe haraji a kan N800,000 na farko na samun mutum a shekara, wanda ya kusa daidai da mafi ƙarancin albashi na N70,000 a wata. Mai samun sama da Naira miliyan 50 kuwa zai biya kashi 25 cikin ɗari a kan abin da ya haura. Haka nan an so a ɗaga harajin kayan masarufi, wato VAT, daga kashi 7.5 zuwa 10 har ya kai 15, amma Majalisa ta bar shi a 7.5. Ya ce wannan yana da muhimmanci, domin harajin kaya bai san mai kuɗi ko talaka ba. Abin da minista zai biya a kan katin waya, shi mai turin baro zai biya.

Amma ya ja hankalin 'yan uwa kan abin da manya suka fi tayar da jijiyar wuya a kai. A watan Oktoban 2024 gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna sun ƙi amincewa da tsarin raba kuɗin VAT da aka kawo, daga baya aka daidaita a kan kashi 50 raba-daidai, 30 bisa inda aka yi amfani da kaya, 20 bisa yawan jama'a. "Wannan rigimar rabo ce. Ba a taru an tambaya me aka yi da wanda aka riga aka karɓa ba. Ba a taru a kan shingayen da ke tatsar direban da ya ɗauko shanu ko albasa zuwa Legas ba, alhali kowane sisi da ya biya a hanya a kan mai saye da manomi yake ƙarewa. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi."

Malam ya tunatar da cewa wannan gardama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Turawan mulkin mallaka suka zo suka ɗaure wa haraji da jangali gindi, har dattawa suna ba da labarin yadda ake shanya magidanci a rana ko ya gudu ya bar garinsu saboda ya kasa biya. Sai a 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Aibin wancan haraji, in ji shi, shi ne ana ƙirga kawuna ne ba a duba abin da ke cikin rumbu.

Ya ce ko da yake zakka ibada ce mai masu cinta na musamman, ba harajin gwamnati ba, akwai ma'auni a cikinta ga mai son adalci. Tana da nisabi: mai shanu ƙasa da 30 ko tumaki ƙasa da 40 ba a taɓa shi. Tana duba wahala: amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka sha wahalar ban-ruwa kuwa rabin haka. Sannan daga mawadata ake karɓa a mayar wa matalauta. Duk tsarin da ya juya wannan, ya tatsi mai rauni ya yafe wa mai ƙarfi, to zalunci ne ko da wane suna aka ba shi.

A ƙarshe Malam ya yi kira ga 'yan uwa, musamman ɗalibai da 'yan kasuwa, da su riƙa neman kasafin jiharsu da na ƙaramar hukumarsu suna karantawa, su duba nawa aka ware wa motocin manya da tafiye-tafiye, nawa aka ware wa asibiti, nawa kuma za a ciyo bashi. Ya ce wanda aka karɓi kuɗinsa yana da haƙƙin ya tambaya, wanda ya karɓa kuma amana ce a wuyansa da zai yi bayaninta gobe ƙiyama. Daga nan ya yi addu'ar Allah ya yaye wa al'umma ƙunci, ya kawo mana sauƙin rayuwa, aka shafa aka tashi.