Abin da Mai POS Ya Iya, Babban Banki Ya Kasa

 

An ce in yi magana kan tasirin fasahar sadarwa a kasuwanci da rayuwar jama'a. Tarihin kun san shi: an sayar da lasisin wayar salula a 2001, ƙasar da layukan NITEL ɗinta ba su kai rabin miliyan ba yau tana da layuka sama da miliyan 150. An maimaita wannan har kunne ya gaji. Ni ƙorafi na zo da shi, kuma ba yau na fara shi ba. Masu tsara manufofi a Abuja, da wasu abokan aikina a jami'a, suna auna ci gaba da yawan kuɗin da ya bi ta waya. Ma'aunina daban ne: manomin da ya kai buhu biyu kasuwar ƙauye, ya sayar? Ya koma gida da kuɗin da zai iya kashewa?

An gwada ma'aunin biyu a fili, kuma duk wanda ke ɗakin nan shaida ne. Ranar 26 ga Oktoba 2022, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Hujjarsa ita ce daga cikin naira tiriliyan 3.2 da ke yawo, kusan tiriliyan 2.7 ba sa cikin bankuna. Ku lura da yadda aka karanta wannan adadi. An ɗauke shi a matsayin laifi, kuɗin ɓoyo, kuɗin fansa, kuɗin sayen ƙuri'a. Babu shakka akwai waɗannan a ciki. Amma mafi yawansa jarin talaka ne: kuɗin da ke aljihun dillalin hatsi a Dawanau, da na mai awo, da na fataken da ke sayen shanu a Maigatari da Potiskum, da na matar da ke riƙe adashen unguwa. Kuɗin yana wajen banki ne domin aiki yake yi.

Sabbin takardu sun fito ranar 15 ga Disamba, aka sa wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairu 2023, sannan aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kai kuɗinsu banki da hannunsu, suka dawo karɓar sabo aka ce babu. Zuwa Fabrairu kuɗin da ke yawo a ƙasar bai kai tiriliyan 1 ba. Wato cikin 'yan watanni an zuƙe sama da kashi biyu cikin uku na tsabar kuɗin da kasuwanni ke juyawa da shi, aka ce wa jama'a su yi tiransfa.

To, su yi da me? Manhajojin bankuna sun cushe. Mai saye ya tura, an cire masa, mai kaya bai ga alat ba, aka tsaya cirko-cirko a gaban shago. Naira ta koma haja, ana sayen 10,000 da ƙarin 1,000 ko 2,000. A karkara abin ya fi muni, domin wanda ya zo da tsabar kuɗi shi ke yanka farashi. Manomi da makiyayi suka riƙa karyar da kayansu don su sami na magani da na mota. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka so a yi da tattalin arzikin mutum sama da miliyan 200, ana saura makonni zaɓe. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki.

Za a ce mini, ai bayan wannan wahala hada-hadar kuɗi ta waya ta ƙaru. Ta ƙaru mana. Wanda aka rufe wa ƙofa dole ya nemi taga, kuma ba a yaba wa wanda ya rufe ƙofar. Tambayar da ta kamata ita ce wa ya ɗauki jama'a a wannan lokaci.

Ba eNaira, kuɗin intanet na Babban Banki, ba ce. An ƙaddamar da ita da gagarumin biki a fadar shugaban ƙasa ranar 25 ga Oktoba 2021, irinta ta farko a Afirka. Ku shiga Kantin Kwari ko Singa gobe ku nemi mai karɓarta. Wanda ya ɗauki jama'a shi ne yaron da ke zaune ƙarƙashin lema da na'urar Moniepoint ko OPay. Me ya sa? Yana jin Hausa. An san gidan ubansa. Idan kuɗi ya maƙale akwai wanda za a kama, ba lambar waya da za ta yi ta kiɗa ba. Tsohuwar da ba ta karanta boko tana miƙa masa katinta domin ta yarda da shi. Kasuwancinmu tun zamanin fatauci a kan amana da sanayya yake tafiya, fasahar da ta bi ta hannun mutumin da aka sani ita ta zauna.

Kenya ta gane haka tun 2007, da Safaricom ya kafa M-Pesa a kan ƙaramar waya da wakilai a shaguna. Mu kuwa aka killace harkar a hannun bankuna, aka hana kamfanonin waya, masu eriya a garuruwan da banki bai taɓa leƙawa ba. Sai a 2022 MTN da Airtel suka sami cikakken lasisi. Shekara goma sha biyar muka bari ta wuce, kuma Arewa ce ta biya. Binciken cibiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya ba sa cikin kowane tsarin hada-hadar kuɗi. A Arewa maso Yamma kashi 47 ne.

Kuma gwamnatin da ta ce a bar tsabar kuɗi ita ce ta katse sabis a Zamfara a Satumba 2021, aka bi da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. 'Yan bindiga ba su ƙare ba. Masu POS ne suka naɗe lemarsu.

Shawarwarina ba sababbi ba ne. Na farko, kada a sake taɓa tsabar kuɗi sai an wallafa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, adadin wakilan banki da ƙarfin sabis da wutar lantarki. Na biyu, a wajabta wa bankuna da kamfanonin kuɗi yin hidima da Hausa, a rubuce da kuma ta murya, a kan ƙaramar waya. Na uku, a ɗauki mai POS a matsayin ma'aikacin tsarin kuɗi: a ba shi hanyar samun tsaba daga banki kai tsaye, a horar da shi kan alat na bogi, a hukunta shi idan ya ci amana. Na huɗu, kuɗin da ya maƙale a mayar da shi cikin kwana ɗaya, banki ya biya tara idan ya wuce. Na biyar, katse sabis ya zama sai da umarnin kotu da wa'adi.

Ku kuma abokan aikina, ku rage lissafin tiriliyoyi daga rahoton Babban Banki. Ku tura ɗalibanku kasuwannin mako su ƙirga ciniki nawa ne ya lalace saboda babu sabis. Wannan adadin babu wanda ya tara shi, kuma aikinmu ne.